Cokalin Farko

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, masu yi min tsiya a fili da masu biyo ni ta bayan fage. Wata baiwar Allah har murya ta turo, wai saboda ni miyarta ta ƙone. Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa, amma yau ma ki sauke tukunya kafin ki fara karatu. Sababbin shigowa ku matso kusa, ba za ku ɓata ba.

*

Tun hantsi jirgin katakon da aka ɗaure a Port Saeed, a bakin ruwan Dubai, yake tara jama'a. An kafa kicin sukutum a tsakiyarsa, an zagaye shi da fitilu da kamarori, an jera lasifikoki a bakin ruwa saboda 'yan kallo. Masu lodin jiragen Somaliya sun ajiye kwalayensu sun haye kai suna leƙe. 'Yan kasuwarmu na Deira kuwa, da suka ji wai Bahaushiya ce baƙuwar yau, wasu ko shagon da suke ciniki ba su yi wa sallama ba suka taho.

Duk wannan taro na mutum ɗaya ne, Shef Saverio Dimonte.

Ɗan masunci ne daga wani ƙauye a kudancin Italiya. Da wanke-wanke ya fara a jiragen ruwa, ya zo ya buɗe ɗan gidan abinci a wani lungu a Milano, daga nan Allah ya ɗaga shi. Ya yi littattafan girki, ya buɗe gidajen abinci a ƙasashe, sai kuma shirin talabijin ɗin da ya sa ko yaro ya san farin gemunsa, wato Cokalin Farko. Tsarin shirin ba wuya. Zai yi girki a gaban baƙo, ya miƙa masa cokali, kamara ta matso fuskar baƙon, duniya ta zuba ido. An ga 'yan ƙwallo sun lumshe ido suna girgiza kai. An ga wata attajira ta fashe da kuka wai ta tuna kakarta. In gajarce muku, bawan Allahn nan da santin mutane ya gina gidansa.

Abin da duniya ba ta sani ba, sai ni da ku da mataimakiyarsa Muhsinat, 'yar Kano, shi ne tun da korona ta kwantar da shi harshensa ya mutu. Ba ya jin ɗanɗanon komai. Muhsinat ce take ɗanɗana masa a ɓoye in ta kawo romo ta bayan kantar girki. In gishiri bai ji ba ta ɗora tsumma a kafaɗar hagu, in ya ji ta soke shi a ƙugu. Haka suke tafiya, kuma ta yi masa rantsuwa ba mai ji daga bakinta.

To yau kai tsaye za a nuna shirin, shi ne na ƙarshe a wannan zangon, kuma masu tasha sun faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa daga na yau za su yanke ko a ci gaba ko a rufe. Mawaƙiyar da aka gayyata ta fasa zuwa ana saura ƙiris. Ana cikin wannan ruɗani idon Shef ya faɗa kan Hajiya Sauda, mahaifiyar Muhsinat, wadda ta zo Dubai sarin abaya da turare ta biyo ta ga inda 'yarta ke aiki. Ya ga mace ta cika kujera, ga lafaya ga gwal, ya tafa hannu ya ce ya samu baƙuwa, ai duk duniya ba alƙalin abinci kamar uwa.

Nan muka tsaya.

Madam Layal, darakta, 'yar Lebanon mai tafiya kamar ana bin ta, ita ta tare Muhsinat a bakin matakala ta cire mata hular kicin da hannunta. Ta ce tunda Hajiya ba ta jin Turanci sai na ciniki, dole a samu tafinta, kuma babu wani sai ita. Za ta zauna kusa da uwarta daga farko har ƙarshe.

"Madam, romo fa? Ni nake kawo wa Shef romo."

"Ko wa ma ya iya ɗaukar tukunya, habibti. Yalla, maza a sa mata abin magana."

Daga kujerar baƙi zuwa murhu akwai tazara, kuma dokar shirin ce, bayan Shef ba mai sa abincin a baki kafin baƙo. Yau ke nan mutumin zai yi girki ba harshe, a gaban duniya.

Da gudu Muhsinat ta sauka ɗakin ƙasa inda aka ajiye Hajiya. Ta tarar ta kori mai kwalliya, ta fito da kwallinta daga jaka tana zizarawa a hankali.

"Umma, alfarma ɗaya zan roƙa."

"Ina jin ki."

"In ya ba ki cokalin nan, ki ɗan nuna ya yi daɗi. Ko lumshe ido ne, ko ki ɗan yaba."

Hajiya ta sauke madubi ta dube ta sama da ƙasa.

"Santi kike so in yi?"

"Ba santi ba ne Umma, haka tsarin shirin yake."

"Ƙanwarki ta riga ta baza a waya. Duk layinmu a kasuwar Kwari an sani, surukaina suna zaune gaban talabijin yanzu haka. Ni da jikokina, in zauna gaban ƙaton namiji ina lumshe ido a kan shinkafa? Ke ko nauyin bakinki ba ki ji ba?"

Muhsinat ta roƙa, ta haɗa da Allah da Annabi, ta ce aikinta da bizarta duk a jikin shirin nan suke. Hajiya ta ce ita ta yarda ta hau ne don kar ta kunyata 'yarta gaban ubangidanta, za ta ci, za ta yi godiya, za ta sa albarka, iyakarta ke nan. Ta kuma tambaya ko an tabbata ba giya ba alade. Aka tabbatar mata Shef ya daɗe da barin su a girkinsa na nan. Ta ce to madalla, ta ci gaba da sa kwallinta.

Gaskiyar da za ta iya juya Hajiya tana bakin Muhsinat, amma rantsuwa ta danne ta. Wallahi ta ba ni tausayi.

Sai ta nufi wurin Shef. Yana tsaye ana ɗaura masa farar rigar girki, yana ɗaga wa mutanen bakin ruwa hannu suna ihu. Ta ja shi gefe ta yi masa bayani da sauri, cewa a wurinsu babba ba ya yabon abinci yana ci, abin kunya ne, har tsokana ake yi a kai. Don haka komai ya gani a fuskar Umma kar ya ɗauka da zafi.

Dariya ya yi har gemunsa na rawa. Ya ce ya ciyar da wani Bajamushe ma'aikacin banki da matarsa ta rantse ba ta taɓa ganin haƙoransa ba, a cokali ɗaya ya narke. Ya ciyar da janar-janar na soja. Kowace ƙasa ya je sai an ce masa mutanenmu daban ne.

"Musina," haka yake kiran ta, "baki yana ƙarya, amma fuska ba ta yi a cokalin farko. In abinci ya yi, ido zai faɗa."

"Shef, ba ka san Umma ba."

Ya daina dariya. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Yau ba ni da ke. Fuskar mahaifiyarki ce kaɗai za ta gaya min abin da na dafa."

Kafin ta buɗe baki Madam Layal ta daka tsawa kowa ya koma wurinsa.

Jar fitilar kamara ta kama.

Jama'a, a bar mutumin nan da sana'arsa. Da ya juyo ya fuskanci kamara sai ka rantse ba shi da damuwa a duniya. Ya buɗe hannuwa ya gai da Dubai, ya gai da masu kallo na Italiya da yarensu, ya sunkuya gaban Hajiya ya kira ta Mamma. Ya kawo hannu zai kama nata ya sumbata, Hajiya ta maƙe shi cikin lafaya ta ce a gaya masa ta amsa daga nan. Bakin ruwa ya kece da dariya, shi ma ya dafe ƙirji kamar an harbe shi. Madam Layal ta raɗa wa Muhsinat ta na'urar da aka maƙala mata a kunne cewa masu kallo sai hauhawa suke, a ci gaba a haka.

Ya sanar da abin da zai dafa, risoto, shinkafar mutanen Milano, da romon rago da za'afaran. Ita ce ta fara fito da sunansa, ita ya dafa ranar da wani ɗan jarida ya ɓata hanya ya faɗo ɗan shagonsa, washegari layi ya kai bakin titi.

Man shanu ya narke, albasa ta bi, ƙamshi ya tashi iska ta kwashe shi zuwa bakin ruwa. Ya zuba shinkafar, wata gajera mai ƙiba, yana juyawa yana ba da labari. Ludayin romo ɗaya, ya juya har ta shanye, ya ƙara wani. Yana yi yana waƙa, yana jefa ludayi sama yana cafewa. Hajiya ta karkato ta tambayi 'yarta ko shi bai san ana rufe shinkafa a bar ta ta turara ba, wannan ai caɓa ta zai yi. Muhsinat ta fassara da gyara, ta ce Umma na mamakin salon. Hausawan bakin ruwa da suka ji asalin maganar ta lasifika suka dinga dukan juna suna dariya.

Sai aka zo wurin gishiri.

Ya ɗebo da yatsu ya barbaɗa. Ya sa ɗan cokali ya kai baki, ya rufe ido, ya sumbaci yatsunsa kamar yadda ya saba, aka ɗauki tafi. Amma da ya buɗe ido, bayan kantar girkin ya kalla, inda Muhsinat take tsayawa kullum. Wata 'yar Filifin ce a wurin riƙe da tukunya tana murmushi, ba tsumma a kafaɗa ba tsumma a ƙugu.

Hannunsa ya koma kan gishirin ya tsaya. Ya ɗebo, ya mayar. Ya sake ɗebo kaɗan ya zuba. Ba wanda ya lura sai Muhsinat, ita kuwa zufa har ta jiƙa mata ɗankwali.

Ya kashe wuta, ya goga cuku, ya jefa man shanu mai sanyi, ya girgiza tukunyar shinkafar ta yi tashi ta dawo rawaya shar tana sheƙi. Ya zuba a faranti ya kawo da kansa. Kiɗan da kowa ya sani ya fara, mutanen bakin ruwa suna tafi suna kiran sunan shirin. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya miƙa wa Hajiya cokali.

Kamara ta matso.

Hajiya ta yi bisimilla ta ɗiba ta kai baki.

Ta tauna. Ta haɗiye.

Kun san fuskar da 'yar kasuwa take yi in mai shago ya faɗi farashin farko? To ita Hajiya Sauda ta ɗaura. Ido bai motsa ba, gira ba ta ɗaga ba. Ta ƙara cokali, ta kuma ƙarawa, duk tana kallon wani wuri can tsallaken ruwa. Sannan ta ajiye cokalin, ta ɗan tura farantin gaba da fiye da rabi a ciki, ta goge baki da gefen lafaya.

"Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri."

Kiɗa ya mutu. Aka ji kukan tsuntsayen ruwa.

Shef bai tashi daga durƙuson ba. A garinsu, baƙo ya bar abinci a faranti ya tura shi gaba, an gama magana ke nan.

"Me ta ce?"

"Ta gode wa Allah, ta yi maka addu'a."

"Abincin fa?"

"Ya yi daɗi, Shef."

"Ita ta faɗa?"

Ita kanta Muhsinat ba ta sani ba. Tun tana yarinya, ranar da miya ta yi da ranar da ta ƙone, fuskar Umma ɗaya ce in da baƙi a wurin. Shi kuma ya san wannan muryar tata, da ita ta daɗe tana rufa masa asiri gaban 'yan jarida.

Ya ce a tambayi Mamma ko gishiri ne ya yi yawa. Hajiya ta ce a gaya masa ba komai. Ya ce ko shinkafar ce ba ta nuna ba. Ta ce ba komai wallahi, ta ƙoshi ne. Ya ɗauki wani cokali ya ɗiba daga farantin ya sa a baki yana taunawa, yana nema, idonsa na cikowa. Muhsinat ta cusa gefen mayafinta a ƙugu da ƙarfi don ya gani, alamar komai ya ji. Ya gani. Ya girgiza mata kai, don ya san ba ta ɗanɗana ba.

Ya miƙe ya kwance rigar girkin ya ninke ta ya ajiye kan tebur.

"Shef, don Allah," in ji Muhsinat. "Na gaya maka al'ada ce."

"Ya isa, 'yata. Kin gaji da ɗaukata."

A kunnenta ta ji wani yana tambaya ko a yanke a sa talla. Madam Layal ta ce duk wanda ya taɓa kamara ta kore shi.

Shef ya fuskanci duniya.

"Ranar da zan bar gidanmu ina yaro, mahaifiyata ta raka ni tasha. Abu ɗaya ta ce min, kar in ba ɗan wani abin da ban ɗanɗana ba. Na riƙe wannan a jirgi, na riƙe a Milano, na riƙe a shirin nan. Amma tun da korona ta kama ni, gishiri da sukari ɗaya ne a bakina. Sumbatar yatsun da kuke yi wa tafi, wasa ne."

Bakin ruwa ya ɗauki guna-guni. Wayoyi suka tashi sama.

"Duk abincin da baƙona ya yi kuka a kansa tun daga lokacin, ga wadda ta ɗanɗana shi." Ya nuna Muhsinat. "Yau aka raba ni da ita sau ɗaya, ga abin da ya fito. Uwa ta zauna a teburina ta kasa cin rabin faranti, ta rufe ni da addu'a don tana da kirki. Ba zan ƙara yi muku ƙarya ba."

Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Muhsinat ma kuka take, na tausayi da na tsoro gaba ɗaya.

Hajiya ta dubi wannan ta dubi wancan, ta taɓo 'yarta.

"Ke, me ya samu Baturen nan? Rasuwa aka yi masa?"

Cikin shessheƙa Muhsinat ta gaya mata komai a gurguje, harshen da ya mutu, da tsumman, da yadda ya ɗauka abincin ne ya ɓaci shi ya sa ya tona kansa.

Hajiya ta dafe ƙirji. Ta manta da abin maganar da ke maƙale a wuyan rigarta.

"Innalillahi. Don ban yi magana ba? Ke, wallahi tun da aka haife ni ban taɓa sa abu mai daɗin wannan a bakina ba. Kunnena har motsi yake. Da ƙyar na ajiye cokalin nan, sai da na ciji leɓe. Ni da nake shirin in ce ki faki ido ki juye min sauran a leda in tafi da shi masauki."

Lasifikoki suka kwashe maganar tas suka watsa.

Bakin ruwa ya yamutse. Wani Alhaji ya cire hula ya jefa sama yana cewa Hajiya ta yi santi, sauran suka ɗauka baki ɗaya har da masu tsalle a kan kwalaye. Larabawa da Indiyawa suna ta tambayar me aka ce. Sai a lokacin Hajiya ta gane duk Kano ta ji, ta ja lafaya ta rufe fuska ruf tana salati.

Shef ya rasa gane kan ihun. Ya matso gaban Muhsinat.

"Me ta ce? Kar ki gyara. Yau ɗaya ki faɗa min yadda yake."

Ta share ido ta faɗa masa, kalma bayan kalma, har da ledar.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ya yi ke nan."

"Ya yi, Shef."

"Ni kaɗai na dafa shi."

"Kai kaɗai."

Sai ya fashe da wata dariya mai haɗe da kuka, ya zauna daɓas a kan akwatin albasa. Ya ɗaga hannuwan sama yana nuna wa jama'a, murna fal fuskarsa kamar yaron da aka saya wa keke. A hankali dariyar ta janye, don ya tuna abin da bakinsa ya riga ya faɗa, kuma ba a Dubai kaɗai aka ji ba.

Jar fitila ta mutu.

Madam Layal ta fito daga bayan kamarori, wannan karon a hankali take tafiya, waya a hannunta.

"Shugaban tasha ne a kan layi."

Shef ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya goge gemu, ya miƙa hannu.

Ta wuce shi ta miƙa wa Muhsinat wayar, ta ce da ita yake son magana.